Bangon Ɗakin Saura

A duk unguwar, Saura ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mai fentin gidaje ne, irin waɗanda ake nema idan an gama gini ko za a sa sabon ɗan haya. Yana gama aiki, tun kafin ya wanke hannu, sai ya karkata gwangwani ya leƙa ciki, ya dubi mai aikin ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan sauran fa?" To wa zai hana mutum ɗan abin da ya maƙale a gindin gwangwani? Sai a ce ya ɗauka. Haka ya yi ta yi har sunan ya bi shi, yara na cewa Baba Saura, shi kuwa ko a jikinsa, amsawa yake da fara'arsa.

Babu wanda ya koya masa zane. Ogan da ya yi wa yaranta shafe kawai ya koya masa: burushi sama, burushi ƙasa, kada ya ɗiga, kada a bar tabo. Amma hannun Saura ba ya jin magana. Da an ba shi farin bango, kafin ya shafe sai ya ja hanci a nan, ya ja ido a can, kafin ka ce me ga fuskar mai gadin wurin ta fito, har da haƙorinsa guda da ya karye. Ya sha ranƙwashi a kan wannan, ba kaɗan ba. Abin da ya fi ranƙwashin ciwo shi ne da hannunsa yake bi ya rufe abin da ya zana kafin yamma, domin bango na mutane ne, kuma ba hoton mai gadi suka ce a yi musu ba. Ya yi shekarun ƙuruciyarsa yana zanawa yana binnewa.

Saboda haka ranar da ya yi aure ya kama ɗaki a wani gidan haya, ko gado bai gama haɗawa ba ya tsaya yana kallon bango. Ɗakin shi ne na ƙarshe a gidan, taga ɗaya gare shi, dogon bangonsa yana bai wa titi baya, kwata na bi ta gindinsa. Ya je ya sami tsohon mai gidan ya roƙe shi. Tsohon ya yi dariya ya ce, "In dai ba rushewa za ka yi ba, zana har aljanu." Saura ya dawo yana rawar jiki. Wannan bangon, ya ce a ransa, babu mahaluƙin da zai sa shi ya rufe.

Titin unguwar ya fara ɗorawa, sannan mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya: mai sayar da ruwa da kurarsa, mai gyaran takalmi da ƙusa a baki, matar nan mai faɗa da kowa a bakin famfo. Ba ya zaunar da mutum ya kalle shi. Sai dai ya gan ka da rana, ya haɗiye ka, ya zo da yamma ya fito da kai. Launi kuwa ba shi ke zaɓa ba, abin da aka rage shi ne ke zaɓa masa. Shekarar da kowa ya haukace da koren ƙyaure, duk wanda ya shiga bangon koren kaya ya samu. Shuɗi ba ya saura a hannun mutane, don haka samaniyar Saura ruwan ƙasa ce, ya ce ai hadari ne. Da shuɗin ya samu daga baya, wuri ya riga ya cika, sai ya sauke shi a gemun mai gyaran rediyo. Mutumin ya zo ya gani, ya yi fushi na kwana biyu, daga baya shi ke jawo abokansa su zo su ga gemun.

Matarsa tela ce, Mama Tela ake ce mata. Kekenta na ƙarƙashin taga, gadonsu na jikin bangon gefe, shi kuma da gwangwanayensa sun cinye sauran wurin. Mace ce mai baki, amma ba mai riƙo ba.

"Malam, wai mutanen nan naka ba sa biyan haya ne?" in ji ta, tana taka keke. "Kullum ƙaruwa suke, mu muna matsewa."

"Baƙi ne, Maman Auta. Ba sa ci, ba sa sha."

"Ba sa kuma tafiya. Ni ko kaya zan sauya sai na ji kamar in ce musu su kau da kai."

A ɗakin suka haifi 'yarsu ɗaya tilo, wadda suke kira Auta duk da ba ta da yayye. A nan ta yi rarrafe, a nan ta girma cikin warin fenti da kananzir, daga nan aka kai ta gidan miji. Bango ya cika tun tana makaranta, amma Saura bai tsaya ba. Sai ya koma cusa sababbi a tsakanin tsofaffi, ya ɗora wani a kafaɗar wani, shafi kan shafi, har fentin ya yi kauri, in ka danna farce sai ya shiga. Dukansu da fentin mai yake yin su, domin shi ne mai ƙyalli, shi ne ba ya koɗewa.

To a nan gizo ke... a'a, bari in faɗa kai tsaye, don abin ba na wasa ba ne. Saura ya fi kowa sanin cewa ba a sa fentin mai a bango mai danshi. Da bakinsa yake gaya wa masu aiki: "Ranka ya daɗe, bango ma numfashi yake. In ka toshe shi, ruwan ba ya ɓacewa, wata hanyar zai nema." Ya faɗa wa mutane wannan ya fi a ƙirga. Amma nasa bangon da ke zaune a kan kwata yana shan ruwa, shi ya bi ya liƙe ruf, daga sama har ƙasa. Ruwan kuwa ya nemi wata hanyar. Ya bi ta daɓe, ya hau bangon gefe, ya fito a bayan gado, daidai inda Mama Tela ke sa kai. Fumfuna ta yi baƙi ƙirin a wurin. Yadudduka na mutane suka fara wari a cikin akwati, masu kawo ɗinki suna karɓa suna yatsina fuska.

Tarin ya fara kamar na mura. Aka sha magani, ya lafa, ya dawo. Daga baya ya zama in ta taka keke kaɗan sai ta tsaya ta dafa ƙirji, numfashinta na fita da ƙara. Auta, wadda ke aiki a wani shagon magani, ta ɗauke ta ta kai ta asibiti. Likita bai ja zance ba: ɗakin da take kwana akwai danshi? Akwai warin fenti? To ta bar shi, in ba haka ba magani ɓata lokaci ne.

Kana iya cewa, to mene ne abin wahala? Su tashi, ya bar ɗakin a kulle, ya riƙa zuwa yana zanensa. Ai da haka ne da sauƙi! Tsohon mai gida ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da gidan, kuma tun ranar da ya karɓa idonsa ke kan ɗakin Saura. So yake ya fasa dogon bangon nan ya sa ƙofar ƙarfe, ɗaki ya zama shago yana kallon titi. Abu ɗaya ya tare shi: uban ya faɗa a gaban mutane cewa kada a tashi Saura muddin yana kwana a ciki. Yaron bai saɓa maganar ba, amma yana nan yana jira. Duk sanda suka haɗu a tsakar gida sai ya rusuna da ladabinsa na ƙarya ya ce, "Baba, ya jikin Mama? Ai da kun koma wajen Auta kun huta." Saura ya san ranar da ya ɗauke tabarmarsa, washegari guduma za ta sauka.

Sai ya shiga dabaru, Allah sarki, dabarun da shi kansa ya san ba za su yi ba. Ya janyo gado daga jikin bango, ya rasa inda za a bi a wuce, ya mayar. Ya wanke fumfunar da sabulu, ta dawo. Ya kunna gawayi a kasko wai ya busar da ɗaki, hayaƙin ya kusa kashe matar. Ya daina zane, ya kwashe gwangwanaye ya kai bayan gida, amma hannunsa ya hana shi sakat, har ya kama kansa yana gyara kunnen mai ruwa da ɗan tsinke yayin da ta fita alwala. Kunya ta kama shi. Yana son matarsa, wallahi yana sonta, kuma duk tarin da ta yi a ƙirjinsa yake sauka. Amma da ya ɗaga kai ya ga bangon sai ƙafarsa ta yi nauyi.

Ran nan Auta ta zo da hantsi, ba ta ko zauna ba.

"Baba, na zo tafiya da Mama."

"Zauna mana, 'yar nan, a yi magana."

"An yi maganar, Baba. Tun yaushe ake yi? Akwai ɗaki a wajenmu, mai taga biyu, rana na shiga. Shi da kansa ya ce ku taho ku duka." Mijinta take nufi.

"Ni in tare a gidan suruki? Haba!"

"Ba surukin ne ya hana ka ba, Baba, mu daina ɓoye-ɓoye." Ta nuna bangon da haɓa, idonta ya kawo ruwa. "Waɗannan ne. Fenti ne fa, Baba. Wannan kuma uwata ce."

Mama Tela ta miƙe. Ta ninke zannuwanta ta sa a jaka, ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Da aka zo ɗaukar keke, shi ya kama gefe ɗaya, direban da Auta ta kawo ya kama ɗayan. A bakin ƙofa ta juyo.

"Malam, ka taho."

"Zan zo. Bari in ɗan shirya."

"Me za ka shirya? Riga uku gare ka."

Ta jira. Ya sunkuyar da kai yana murza busasshen fenti a yatsansa. Ta yi tari, ta gyara mayafi, ta bi 'yarta.

Ɗaki ya yi faɗi, faɗin da ba shi da daɗi. Inda keke yake sai sawun ƙafafunsa a daɓe. Saura ya je aiki ya dawo, ya je ya dawo, ba mai ce masa sannu. Ya ɗauki burushi ya ajiye. Mutanen bangon duk suna nan suna kallonsa, amma babu mai tsokanarsa a cikinsu. Zuwa gidan Auta kuwa ya gagare shi, domin bai san da wace fuska zai shiga ba. Sai dai ya tsaya a bakin shagon maganin ya tambaya, ta ce masa da sauƙi, tana ba wani magani ba ta dube shi ba. Ɗan mai gida ya fara zuwa da wani magini, suna tsayawa a titi suna auna bangon ta waje da ido.

Ya juya abin ta kowace fuska. In ya tafi, a fasa bango. In ya zauna, ba mata. Sai wata safiya yana shafa bangon ya ji wani wuri ya yi bororo, fentin ya rabu da filasta, ya danna ya ji ruwa a ciki. Nan tunanin ya faɗo masa, kuma irin tunanin da sai mai fenti zai yi: ai ba ɗakin ne ke da laifi ba, shafin ne. A kankare shi, bango ya sha iska ya bushe, danshi ya tafi, ta dawo da kekenta. Ɗaki na nan, mata na nan. Daga baya ya sake sabo da fentin ruwa, mai barin bango ya yi numfashi. Bai gaya wa kowa ba. Bai tambaye ta ba, bai tambayi Auta ba, don a ganinsa wannan aikinsa ne, kuma wa ya fi shi sanin bango?

Ya buɗe taga, ya ɗaura tsumma a hanci, ya ɗauko makankari. Ya daɗe tsaye kafin ya sa hannu. Da samaniya ya fara, don ita ba ta da ido. Fentin ya saluɓo da sauƙi, sauƙin da ya ba shi haushi, manya-manyan ɓawo suna faɗowa jiƙe. Sai ya gangaro kan mutane. Kai, ranar Saura ya ga aiki! Yana ɓare wani sai wani ya leƙo daga ƙasa, wanda ya rufe shekaru ya manta. Ga tsohon mai gida da sandarsa. Ga Auta tana tatata da kwano a ka. Ga surukarsa, uwar Mama Tela, zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsintar shinkafa, tsohuwar da har ta bar duniya ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Ya yi ƙoƙarin ya zare ta ɗungurungum, ya sa bakin makankari a hankali ta gefe, amma filastar ta ruɓe, fuskar ta marmashe a tafinsa. Ya zauna a kan bokiti ya yi kuka, kukan da bai yi ba ranar da aka ɗauki keke. Sannan ya tashi ya ƙarasa, ya share, ya kwashe a buhu ya kai juji.

Bangon ya fito baƙi, jiƙe, yana wari. Amma da rana ta yi kwanaki tana shiga, sai gefen sama ya fara haske. Saura ya taɓa ya ji ya fara bushewa. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mai dama-dama, ya kama hanyar gidan Auta yana ji kamar ya sauke dutse.

Ya sami Mama Tela a tsakar gida a inuwa, kekenta a gaba, tana ɗinka rigar jikanta, ɗan Auta. Ta yi haske, numfashinta ba ƙara. Auta ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa.

"Yau an ga dama," in ji Mama Tela. "Ina kayan?"

"Ba kaya. Albishir na kawo." Ya gyara zama. "Na kankare shi, Maman Auta. Duka. Bango ya fara bushewa. Kwana kaɗan ki dawo ɗakinki."

Ƙafarta ta tsaya a kan keke.

"Ka kankare me?"

"Zanen. Shi ne ya toshe bangon, shi ke kawo danshin. Na san haka tun tuni, na ƙi faɗa ne."

"Duka?"

"Duka."

"Har da Inna?"

Ta zuba masa ido, sannan ta kau da kai ta sa bakin mayafi ta goge fuska. Auta da ke bakin ƙofar kicin ta dafa bango.

"Wa ya aike ka, Malam?" Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi masa sauƙi. "Ni na ce ka kankare? Ka taɓa jin na ce a cire ko mutum ɗaya? Cewa na yi ka taho. Kalma biyu. Da guduma ta fasa shi, sai mu ce ɗan mai gida ya cuce mu, mu yi kukanmu tare. Amma kai da hannunka?"

"Don ki dawo na yi."

"Ba zan dawo ba. Ko ka shafe ɗakin nan da zinariya, kwata na nan a gindinsa, taga ɗaya ce, kuma na gaji. Tun ina amarya nake cikin duhun nan. Nan ina shan iska, ina jin kukan jikana. Ba zan koma ba."

Jikan ya rarrafo ya kama gwiwar Saura, ya shafa kansa ba tare da ya san yana yi ba.

Auta ta matso ta durƙusa kusa da shi. "To Baba, ai shi ke nan. Abin da ya riƙe ka babu shi. Ga ɗaki a share. Ka kwana nan, gobe a je a kwaso rigunanka."

"Gaya masa dai," in ji uwar. "Malam, yanzu me ya rage maka a can?"

Ya duba ko'ina a ransa, bai sami komai ba. Babu zane, babu mata, babu ko warin fentin. Bango ne kawai, tsirara, rabinsa jiƙe. Sai dai yana faɗin haka a zuci yana ganin gefen saman nan da ya bushe, fari, ba kowa a kai, kuma in ya kwana nan gobe ɗan mai gida zai kira maginin. Ya ji yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Ya tsani kansa, amma idonsa ya riga ya tafi wajen takalmansa.

"Na bar taga a buɗe," ya ce a hankali. "Kuma akwai hadari."

Auta ta ce, "Baba!"

Mama Tela ta ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana kallon mijinta yana laluben takalmi da ƙafa, ya kasa ɗago kai. Sannan ta jawo rigar jikan ta mayar ƙarƙashin allura.

"Ƙyale shi, Auta," in ji ta. "Zuba masa abinci a kwano mai murfi. Ba mai dafa masa a can."